Daga dala biyar zuwa fanfo: yadda ɗalibai za su tara kuɗin samar da ruwa a makaranta

Duk malamin da ya taɓa riƙe aji a Tawa cikin watan Afrilu ya san abin da ke faruwa daga ƙarfe sha ɗaya. Hannu zai tashi daga can bayan aji: "Mushe, in je in sha ruwa?" Ka ce a je. Kafin ka juya ga allo, hannu uku sun ƙara tashi. In makarantar na da fanfo, minti biyar sun dawo. In babu, sai su bazu gidajen maƙwabta, wasu ma ba ka ƙara ganinsu sai gobe. Ƴan mata kuwa tun da safe suke makara, don sai sun cika randunan gida kafin su ɗauki jaka.

Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ta nuna fiye da mutum biliyan 2 ba su da ruwan sha mai tsabta da za su dogara da shi a gidajensu, duk da cewa tun 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince ruwa haƙƙi ne na kowane ɗan Adam. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda yaran makaranta suka shiga wannan aiki tun da daɗewa. A 1998 wani yaro ɗan shekara shida a Kanada, Ryan Hreljac, ya ji malamarsa na ba da labarin masu mutuwa saboda gurɓataccen ruwa. Ya yi wata huɗu yana aikace-aikacen gida har ya tara dalar ƙasarsu 70, yana tsammanin sun isa haƙa rijiya. Aka ce masa sai 2,000. Bai fasa ba, kuma a 1999 aka haƙa rijiyar kusa da makarantar firamare ta Angolo a arewacin Yuganda. Nan kusa da mu ma, ƙungiyar Amman Imman da Ariane Kirtley ta kafa a 2006 ta haƙa rijiyoyin burtsatse a Azawak, kuma cikin masu tara mata kuɗi har da ƴan makaranta a Amurka, waɗanda ba su taɓa taka ƙasar Abalak ba.

To, in yaron da ke can ya iya, me zai hana namu? Na yi wannan aiki da ɗalibaina, mun yi daidai a wasu wurare, mun yi kuskure a wasu. Ga yadda zan bi da shi in yau zan sake farawa.

Mataki na farko: ku ƙirga ƙishirwar kafin ku ƙirga kuɗi

Ku ba ɗalibai biyar ko shida kaye ɗaya da mako biyu. Su rubuta yawan yaran makarantar, inda suke shan ruwa yanzu, nisan wurin, da ko sayensa ake wajen ƴan ga-ruwa da nawa ake kashewa a wata. Su duba ko akwai fanfo ko rijiya da ta lalace, su tambayi mai gadi yaushe ta tsaya. Mai gadi ya fi kowa sanin tarihin fanfon makaranta.

Akwai ma'aunin da zai taimake ku: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce makarantar jeka-ka-dawo na bukatar lita 5 ga kowane mutum a rana, ta kwana kuma lita 20. Makaranta mai yara 600 ke nan tana son lita 3,000 kullum, wato bido 120 na lita 25. Malamin lissafi ya sa yaran su fitar da wannan adadi da kansu a aji. Ranar da suka ga bido 120 a allo, suka kwatanta da randa biyun da ke ƙofar ofishin dirakta, ba sai an ƙara yi musu wa'azi ba.

In makarantarku na cikin gari kuma tana da ruwa, ku zaɓi wata ta ƙauye da za a iya zuwa a dawo a yini ɗaya, ku ƙulla zumunci da ita. Ku zaɓi inda idonku zai iya kai, domin gani ya kori ji, kuma halin tsaro bai bari a kai yara ko'ina ba.

Mataki na biyu: ku zaɓi aikin da ya yi daidai da ƙarfinku

Nan ne yawancin mutane ke ɓata. Da an ce ruwa, sai kowa ya hango foraj, wato rijiyar burtsatse, da shato da faifan hasken rana. A ƙasar Adar akwai dutse, ruwa na da nisa, a Azawak kuwa akan haƙa mita 200 ko fiye kafin a tarar da shi. Wannan aikin miliyoyi ne, kuɗin da yara ke tarawa ba zai kai can ba cikin shekara ɗaya. In kuka sa musu buri irin wannan, watan Yuni zai zo ba su ga komai ba, kuma baɗi ba wanda zai saurare ku.

Ku fara daga ƙasa. Akwai makarantar da bukatarta randuna masu murfi ce da bokiti mai ɗan fanfo a gindi, don kada yara ɗari su riƙa tsoma moɗa ɗaya, sai ƙwayoyin tsabtace ruwa irin Aquatabs da ake sakawa bisa umarnin da ke jikin takardar, a jira minti 30 kafin a sha. Akwai wadda bututun kamfanin ruwa ya ratsa ta bakin ƙofarta, abin da ya rage kuɗin jawo shi ne da tanki don ranakun da aka ɗauke ruwa. Sai a je ofishin NDE, kamfanin ruwan da ya gaji SEEN, a nemi kiyasi a rubuce. Akwai kuma wadda ke da fanfon tuƙa-tuƙa ko na takawa da ƙafa, irin India Mark II ko Vergnet, da ya tsaya shekara biyu saboda robobin ciki sun cinye. A ganina gyaran fanfon da ya mutu shi ne aikin da ya fi dacewa da ɗalibai: an riga an biya kuɗin haƙa, ruwan na nan ƙasa yana jira, kuma cikin kwana biyu ake ganin sakamako.

Ko wanne kuka zaɓa, ku je ma'aikatar ruwa ta jiha ko ta gunduma kafin ku yi wa kowa alkawari. Su ke da bayanin rijiyoyin yankin, sun san zurfin ruwa, sun san masu gyaran da suka samu horo. Ku nemi kiyasin farashi daga mutum uku dabam-dabam, kowa a rubuce da sa hannu.

Abu biyu ba a sassauci a kansu. Na farko, rijiya ta nisanci salanga da aƙalla mita 30. Na biyu, duk sabon ruwan da aka samu daga ƙasa a kai shi awo kafin yara su sha. Ruwa ya kan fito garau, ba wari ba ɗaci, amma da cuta a ciki. Mutanen Tibiri ta Maraɗi sun ga haka da idonsu, lokacin da yawan sinadarin fulorai a ruwan foraj ya lalata haƙora da ƙasusuwan ɗaruruwan yara kafin a gano dalili. Ku sa kuɗin awon cikin lissafi tun farko.

In bincike ya nuna ba makawa sai sabuwar foraj, kada ku karaya. Abin da kuka tara ya zama kason al'umma, ku ɗauke shi tare da kayen binciken ku kai wa ofishin magajin gari da ƙungiyoyin da ke aikin ruwa. Wanda ya zo da nasa a hannu ba a kallonsa kamar wanda ya zo hannu rabbana.

Mataki na uku: izini, kwamiti da akwati

Ku fara da dirakta, sannan kwamitin kula da makaranta, COGES. Mu mutanen Tawa bai kamata wannan tsari ya zame mana baƙo ba, don a jiharmu ne shirin "Makaranta don Kowa" na hukumar JICA ta Japan ya fara aiki a 2004, inda iyaye ke zaɓen wakilansu su tsara ayyukan shekara. Ku roƙa a sa aikin ruwan cikin tsarin ayyukan da babban taron iyaye zai amince da shi. Ku gaya wa ƙungiyar iyayen yara, ku gaya wa ƙungiyar uwaye musamman, su ne suka san ciwon ɗaukar tulu. Daga nan a sanar da sufeton makarantu da ofishin magajin gari a rubuce, a kuma je gaisuwa wajen mai unguwa ko maigari da limami.

Kwamitin aikin ya zama na yara da gaske: shugaba, magatakarda, ma'aji, da masu binciken kuɗi biyu, mata da maza a haɗe, kuma ajujuwa su zaɓe su. Manya biyu su tsaya bayansu, malami ɗaya da uwa ɗaya. Ku sa ƴan ƙananan aji a ciki, domin ƴan ajin jarrabawa za su tafi a ƙarshen shekara.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ke raya aiki ko ta kashe shi. Mutanenmu ba marowata ba ne. Abin da ya sa hannunsu ya yi nauyi shi ne sun sha bayarwa ba su ga inda abin ya shiga ba. Don haka ku yi akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makulli ɗaya wajen ma'ajin ɗalibai, ɗaya wajen malami, ɗaya wajen uwa. Ba a buɗe shi sai ukun na nan. A ƙirga kuɗi duk ranar Juma'a a gaban aƙalla mutum biyar, a rubuta a kaye mai lambar shafi da biro, kada a yi da fensir. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai, a sa hannu, kada a yage shafi. Kowa ya ba da abu, ko dala biyar ce, a rubuta; daga jika ɗaya zuwa sama a yanka masa rasit. Da kuɗin sun taru, a kai su asusun COGES ko a buɗe asusu mai sa hannu biyu. Kada su kwana a gidan kowa, har da gidan dirakta, kuma faɗin haka tun ranar farko kariya ce gare shi.

Sannan a sami allo a ƙofar makaranta, a zana bido babba, a raba shi da layuka. Duk mako a cika shi da alli daidai abin da aka tara, a rubuta adadin a gefe. Mai wucewa da jaki ma ya gani.

Mataki na huɗu: tara kuɗin

Ku fara da kanku. Dala biyar, wato sefa 25, a mako daga yara 600 jika 15 ne, cikin mako 30 na shekarar karatu jika 450. Ku ɗauka rabi ne kawai za su iya, har yanzu jika 225 ne, kuma da yayyafi kogi kan cika. Amma da sharaɗi: ba dole ba ne, ba a kiran sunan wanda bai kawo ba, ba a korar kowa daga aji. A zagaya da gwangwani mai rufi, kowa ya tura hannu, da mai sakawa da marar sakawa. Yaron da bai karya kumallo ba bai kamata aikin alheri ya zame masa abin kunya ba. Wanda ba shi da kuɗi yana da ƙarfin zana allo, ko ɗebo yashi ranar aiki.

An koma makaranta a Oktoba, daidai lokacin kaka. Manomi da ba zai iya ciro jika daga aljihu ba, zai ba da tiya ɗaya ta hatsi ko wake ba tare da ya ji nauyi ba. Ku tara, ku adana a wuri mai bushewa ƙarƙashin kulawar uwaye, ku sayar lokacin da farashi ya tashi wajen bazara. In kuna yankin Galmi, Madawa ko Ƙonni, ku yi haka da albasa lokacin cirarta, sai dai ita a sayar da wuri, ajiyarta sai gwani.

Sai ƴan kasuwa. Kada a saki yara cikin kasuwa da gwangwani kamar masu bara. A rubuta sunayen mutum ashirin ko talatin, a aika ɗalibai uku da babba ɗaya, da takarda mai hatimin makaranta da kwafin kiyasin farashi. Yaro ne zai yi magana, babba ya tsaya baya. Ku koya musu su faɗi gajeren zance kamar haka: "Salamu alaikum, Baba Alhaji, ina wuni? Daga makarantar unguwar nan muke. Fanfonmu ya tsaya, ga takardar mai gyara, ga abin da mu yara muka tara da kanmu, ga abin da ya rage. Mun zo neman albarkarka." In ya bayar, a yi godiya a ba shi rasit nan take. In ya ce a dawo, a tambaye shi wace rana. In ya ce babu, a yi masa addu'a a tafi. Mai sayar da siminti ko bututu sau da yawa ya fi son ba da kaya a kan kuɗi, ku karɓa, ku rubuta.

Ku roƙi limami ya yi tsokaci ranar Juma'a. Abin faɗa na nan da yawa: hadisin Sa'adu ɗan Ubada da ya tambayi Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, wace sadaka ce ta fi, aka ce masa shayar da ruwa, da kuma rijiyar Ruma da Sayyidina Usmanu ya saya ya bar wa mutanen Madina. Ku kira abin da kuke nema sadaka. Zancen zakka kuwa ku bar wa malamai su yi bayani.

Kada ku manta da ƴan bida. Da wuya ka sami gida a Adar da ba shi da ɗa a Abijan, Kwatano, Legas, Libiya ko Aljeriya, kuma yawancin garuruwa na da zauren WhatsApp na ƴan asalinsu. Ku tura saƙon murya da Hausa, kada ya wuce minti biyu, da hoton fanfon da na kiyasin. Lamba ɗaya kawai za a ba su ta karɓar kuɗi, ta babban da kwamiti ya amince da shi, ko ta NITA ko Al Izza ko wata hanyar da suka saba. Duk abin da ya shigo a sanar a zauren a ranar. Ku ɗauki hoton fanfo da layin bido, kada ku ɗauki fuskar yaro cikin ƙazanta don a tausaya. Ƴaƴan mutane ne.

Ranar 22 ga Maris ita ce Ranar Ruwa ta Duniya, tun 1993 ake kiyaye ta. A ƙasashe da dama ɗalibai kan yi tattakin kilomita 6 ɗauke da ruwa, iyaye da abokai su biya musu wani abu kan kowace kilomita. Yaran ƙauyenmu ba su bukatar kwaikwayon abin da suke yi kullum, amma na cikin gari zai amfane su. In za ku yi, ku nemi izinin hukuma, ku fita da sassafe a gama kafin ƙarfe tara, ƙanana su ɗauki kwalbar lita ɗaya da rabi kawai, domin lita 20 kilo 20 ce. In ranar ta faɗo cikin azumi, a ɗage. Ni dai na fi son wasan ƙwallo tsakanin malamai da ɗalibai, ko kokowar ajujuwa da yamma, a sa kuɗin shiga dala goma. Kokowa ba ta rasa ƴan kallo a ƙasar nan.

Mataki na biyar: kuɗin gyara, kafin a taɓa komai

Nan ne muka faɗi. Shekarar farko mun tara, mun gyara fanfo, muka kashe ragowar a walimar buɗewa. Ba a rufa shekara ba ya sake tsayawa, kan wani ɗan ƙarfe da kuɗinsa bai kai na lemun da muka sha ba. Akwati babu ko dala. Mai gyaran da ya yi mana aikin ya bar gari, ba mu ma karɓi sunan kayan da ya sa ba. Wata ɗaliba ta same ni a ƙofar aji ta ce, "Mushe, yanzu me za mu ce wa Baba Alhaji?" Wata uku yara na wuce fanfon da suka yi wa wahala suna zuwa maƙwabta, kuma wannan ya fi min ciwo fiye da lokacin da ba mu fara ba.

Saboda haka shawarata: daga kowace jika goma da ta shigo, a ware ɗaya ko biyu a asusun gyara, kada a taɓa su ko aikin zai jinkirta. Tarin dala biyar ya ci gaba bayan an gama, ko sau ɗaya a wata. In maƙwabta za su ɗebi ruwa, kuma za su ɗiba, a zauna da su tun farko a yanka abin da za a biya kan bido da lokutan buɗewa. In ruwan kamfani ne, a san wanda zai biya takardar wata, har da watannin hutu. A naɗa ɗalibai biyu kowane mako masu duba yoyo da share bakin fanfo, a kewaye wurin don dabbobi, a haƙa ramin da ruwan da ya zube zai bi, ko a karkata shi ga ƴan itatuwan makaranta.

Mataki na shida: ranar aiki da bayanta

A yi yarjejeniya a rubuce da mai aikin: abin da zai yi, irin kayan da zai sa, ranar gamawa, da tsawon lokacin da zai dawo ya gyara kyauta in abu ya lalace. Kada a biya shi duka a farko. Kashi ɗaya na sayen kaya, kashi ɗaya in aiki ya yi nisa, na ƙarshe sai ruwa ya yi mako yana zuba kuma ma'aikacin hukumar ruwa ya duba. Yashi, tsakuwa da haƙan ramin bututu a yi su da gayya, iyaye maza da samarin fada. Yara kada su kusanci bakin rijiya ko rami mai zurfi.

Ku yi ƙoƙari ruwa ya zubo kafin tsakiyar Afrilu, lokacin da zafi ke kan ganiyarsa kuma waɗanda suka tara kuɗin na nan ba su tafi hutu ba. Walima ba dole ba ce. Abin da ke dole shi ne taron iyaye, inda ma'ajin ɗalibai zai miƙe ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, layi bayan layi, rasit na kan tebur ga mai son dubawa. A tura hoton shafukan kayen ga ƴan bida. Yaran da suka je wajen kowane ɗan kasuwa su koma da kansu, da kwalbar ruwan fanfon a hannu, su ce, "Baba, ga abin da kuɗinka ya yi."

Kafin a rufe makaranta a Yuni, tsohon kwamiti ya miƙa wa sabo kaye, makullai uku, sakamakon awon ruwa, sunayen kayan da ke cikin fanfon, da lambar masu gyara biyu. A kuma rubuta sunan wanda zai riƙe makullin fanfon daga Yuli zuwa Satumba, da na wanda za a kira in ya tsaya cikin damina.